Yaƙin Basasar Nijeriya: Daga Ina Za Mu Fara Labarin?

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, a wannan fitowa ina so mu yi nazarin yaƙin basasar da aka yi a ƙasarmu daga ran 6 ga Yuli, 1967, zuwa ran 15 ga Janairu, 1970, watau wata 30. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan darasi shi ne, ku da ku ke koyon aikin koyarwa, nan gaba kaɗan za a ba kowannenku aji, kuma a cikin ajin za ku tarar da 'ya'yan kabilu iri-iri. Kowane yaro zai zo da labarin da ya ji a gida. Wani an fara masa labarin daga daren da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Wani an fara masa daga kisan da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa. Wani kuwa abin da kakarsa ta sani shi ne ranar da sojan Biyafara suka shiga Binin. Kowa a cikinsu gaskiya aka gaya masa, amma gutsure ne aka ba shi, kuma duk inda mutum ya fara labarin, can ya kan aje laifin. Aikin malami shi ne ya ɗinke gutsattsarin nan bi da bi, ya nuna wa yara abin da kowane shugaba ya yi a lokacinsa, da abin da ya ke da ikon yi amma bai yi ba.

Tushen Al'amarin

Ruwa ba ya tsami banza. A 1914 Gwamna Lugga ya haɗa Arewa da Kudu suka zama ƙasa ɗaya, amma aka ci gaba da mulkin kowace da irin nata tsari. A 1939 aka raba Kudu biyu, Gabas da Yamma. Da aka shiga mulkin tarayya a 1954, sai ya zama akwai manyan jihohi uku, kowace da Firimiyanta da majalisarta da asusunta. Jihar Arewa ita kaɗai ta fi sauran biyun faɗin ƙasa da yawan jama'a, don haka a zaɓen 1959 tana da kujeru 174 daga cikin 312 na Majalisar Wakilai. Kudu kuwa ta yi wa Arewa nisa wajen ilmin boko. Sai kowane ɓangare ya zauna da nasa tsoro: mutanen Kudu na tsoron Arewa za ta danne su da yawan ƙuri'a, mutanen Arewa na tsoron Kudu za ta cinye ayyukan gwamnati da takardun shaida.

Manyan jam'iyyu ma sun bi wannan rabo. N.P.C. ta Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ita ke da Arewa. N.C.N.C. ta Dokta Nnamdi Azikiwe ƙarfinta na Gabas. Action Group ta Cif Obafemi Awolowo ita ke da Yamma. Kada mu manta kuma, a cikin kowace jiha akwai masu jayayya. A Arewa akwai N.E.P.U. ta Malam Aminu Kano, da U.M.B.C. ta Joseph Tarka. A Gabas akwai Ijo da Ibibiyo da Efik da Ogoni da sauransu, waɗanda tun kafin mulkin kai su ke neman a ba su tasu jiha. A riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Bayan samun mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960, sai rigingimu suka biyo juna. A 1962 Action Group ta dare biyu tsakanin Awolowo da Cif Samuel Akintola, har aka kafa dokar ta-ɓaci a Yamma. A 1963 aka yanke wa Awolowo ɗaurin shekara 10 bisa laifin shirya kifar da gwamnati, kuma a shekarar aka cire Jihar Yamma ta Tsakiya daga jikin Yamma, jihohi suka zama huɗu. Ƙidayar jama'a ta 1962 soke ta aka yi, ta 1963 kuwa gwamnatin Gabas ta ƙi yarda da ita. Zaɓen tarayya na Disamba, 1964, wasu jam'iyyu sun ƙaurace masa, har Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi 'yan kwanaki bai kira Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati ba. Zaɓen Yamma na Oktoba, 1965, shi ya fi duka muni, gama bayansa aka shiga ƙone gidaje da motoci, har da mutane.

Daren 15 ga Janairu, 1966

Ana cikin wannan hali sai waɗansu ƙananan hafsoshi, a cikinsu akwai Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Manjo Emmanuel Ifeajuna da Manjo Adewale Ademoyega, suka yi yunƙurin juyin mulki. A Kaduna aka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu. A Ikko aka kama Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Cif Festus Okotie-Eboh, aka kashe su. A Badun aka kashe Akintola. Cikin manyan soja aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar-Kanar Abogo Largema, da Laftanar-Kanar James Pam, duk 'yan Arewa. Da Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Ralph Shodeinde, Yarabawa. Da Laftanar-Kanar Arthur Unegbe, Ibo.

Masu juyin sun ce cin hanci da maguɗin zaɓe suka zo kawarwa. Amma mutanen Arewa da suka duba sai suka ga mafi yawan masu juyin Ibo ne, ga shi ba a taɓa Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ba, Azikiwe kuma yana ƙasar waje. Da juyin ya sha ruwa, wanda mulki ya faɗa hannunsa shi ne shugaban soja, Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi, shi ma Ibo. Malami ya kamata ya faɗi wannan a fili. Ya kamata kuma ya faɗi cewa babu wani taro da kabilar Ibo ta yi ta aiki waɗannan samari, kuma kwamandan bataliya ta 5 a Kano, wanda ya ƙi ba masu juyin hannu, Ibo ne, sunansa Laftanar-Kanar Odumegwu Ojukwu.

Wata Shida na Ironsi

A nan ne dama ta farko ta kuɓuce. Ironsi ya tsare masu juyin a kurkuku, amma bai kai su gaban shari'a ba. Da an yi musu shari'a a bainar jama'a, da zukata da yawa sun yi sanyi. Sa'an nan ran 24 ga Mayu, 1966, ya fitar da doka mai lamba 34, wadda ta soke tarayya, ta mai da ƙasa ƙarƙashin gwamnati guda, ta kuma nemi haɗe ma'aikatan gwamnatocin jihohi wuri ɗaya. Abin da Arewa ta daɗe tana tsoro ke nan. Kwana biyar bayan dokar sai tarzoma ta ɓarke a Kano da Zariya da waɗansu garuruwa, aka kashe Ibo da yawa, ana kiran "a raba". A lura da wannan kalma: tun kafin Biyafara, 'yan Arewa sun yi kiran ɓallewa a 1966.

Ran 29 ga Yuli sojoji 'yan Arewa suka yi nasu juyi. Aka kama Ironsi a Badun aka kashe shi tare da mai masaukinsa, Gwamnan Yamma, Laftanar-Kanar Adekunle Fajuyi, aka kuma kashe hafsoshi da ƙananan soja 'yan Gabas masu yawa a barikoki. Wanda ya fi kowa girman muƙami a lokacin shi ne Birgediya Babafemi Ogundipe, amma sojoji suka ƙi bin umurninsa. Bayan kwana uku ana ja-in-ja, aka lallashi masu neman a raba, Laftanar-Kanar Yakubu Gowon ya hau mulki ran 1 ga Agusta. Nan da nan ya saki Awolowo daga kurkuku, ya kuma mai da tarayya.

A watan Satumba aka buɗe taron tsara mulki a Ikko. Ana tsakiyar taron, a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, sai kisa ya sake tashi a Arewa, ya fi na Mayu muni ƙwarai, kuma wannan karo har da hannun waɗansu sojoji. Ƙiyasin masu tarihi ya kama daga mutum 8,000 zuwa 30,000. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka tsere zuwa Gabas, suka bar gidajensu da kantunansu. A Gabas ma an kashe 'yan Arewa don ramuwa, kuma Ojukwu, wanda ya ke Gwamnan Gabas tun Janairu, ya ce waɗanda ba 'yan jihar ba su fita, don ba zai iya lamunce musu tsaro ba. Ba a hukunta kowa ba a kan kisan nan, kamar yadda ba a hukunta kowa ba a kan na Janairu. Dama ta biyu ke nan da ta wuce.

Samari Biyu

To, yanzu ƙasa ta koma hannun mutum biyu, kuma ya kamata mu san su. Gowon an haife shi a 1934, mutumin Angas ne daga ƙasar Filato, Kirista, ya tashi a Wusasa kusa da Zariya, ya yi karatu a kwalejin da a ke kira Barewa, ya koyi aikin soja a Sandhurst ta Ingila. Shekararsa 31 sa'ad da ya hau mulki. Ojukwu an haife shi a Zungeru a 1933, ɗan Sir Louis Ojukwu ne, babban attajiri, ya karanta tarihi a Jami'ar Oxford, ya shiga soja a 1957. Gowon mutum ne mai sanyin hali, mai son jin shawara. Ojukwu mai fasahar magana ne, mai ji da kansa. Muƙaminsu ɗaya, don haka Ojukwu ya ƙi yarda da Gowon a matsayin shugabansa, yana cewa a bi girman muƙami.

Kowannensu kuma akwai masu tura shi daga baya. Bayan Ojukwu akwai dubban 'yan gudun hijira da suka ga gawar 'yan'uwansu, suna cewa ba za su ƙara zama da mutanen da suka yi musu haka ba. Bayan Gowon akwai sojojin da suka ɗora shi, da manyan ma'aikata, da ƙananan kabilu da ke ganin in ƙasa ta wargaje su ne za a haɗiye. Ga kuma man fetur, wanda aka fara samu a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Mafi yawansa a Jihar Gabas ya ke, amma akasari a ƙasar ƙananan kabilun nan da na ce a riƙe.

Taron Aburi

Da ya ke Ojukwu ya ce ransa ba shi da tabbas a ko'ina cikin Nijeriya in ba Gabas ba, sai shugaban Gana, Janar Joseph Ankrah, ya gayyace su garin Aburi ran 4 da 5 ga Janairu, 1967. Gowon ya je, da Ojukwu, da Gwamnan Arewa Hassan Usman Katsina, da na Yamma Robert Adebayo, da na Yamma ta Tsakiya David Ejoor, da mai kula da Ikko Mobolaji Johnson, da shugabannin sojan ruwa da 'yan sanda. Suka yarda ba za a yi amfani da ƙarfi ba. Suka yarda kowane gwamna zai kula da sojan da ke jiharsa, kuma duk wani babban al'amari da ya shafi ƙasa sai Majalisar Ƙoli ta Soja ta amince. Suka yarda a ci gaba da biyan ma'aikatan da suka gudu albashinsu har ƙarshen Maris.

Ojukwu ya je da takardunsa a shirye, ya san abin da ya ke nema. Sauran kuwa sun ɗauka zama ne na 'yan'uwa don a huce. Da suka komo gida, manyan sakatarorin gwamnati a Ikko suka duba abin da aka ƙulla, suka ce in an bi shi yadda ya ke, gwamnatin tsakiya sai dai suna. Sai kowane ɓangare ya shiga fassara yarjejeniyar yadda ta yi masa daɗi, har Ojukwu ya sa aka buga maganganun taron a faifai aka watsa. A watan Maris Gowon ya fitar da doka mai lamba 8, wadda ta ba jihohi iko mai yawan gaske, amma ta bar wa gwamnatin tsakiya ikon kafa dokar ta-ɓaci a kowace jiha in gwamnoni uku sun yarda. Ojukwu ya ga wannan tarko ne aka ɗana masa, ya ƙi karɓa, ya kuma ba da umurni a riƙe kuɗin shigar tarayya da a ke tarawa a Gabas. Ikko ta mai da martani da toshe hanyoyin ciniki.

A ganina wannan ita ce dama mafi girma da aka ɓatar. Gowon ya yi alkawari a Aburi wanda bai auna nauyinsa ba, ya kuma yi jinkirin cikawa. Ojukwu kuwa an miƙa masa mafi yawan abin da ya nema a doka ta 8, ya ce ko duka ko babu. Da ya karɓa, da ya samu a teburi abin da ya fi wanda ya samu bayan wata 30 ana zub da jini.

Ran 27 ga Mayu, 1967, majalisar shawara ta Gabas ta ba Ojukwu izinin ɓallewa. A ranar Gowon ya kafa dokar ta-ɓaci, ya rusa manyan jihohi huɗu, ya yi ƙananan jihohi 12: shida a Arewa, uku a Gabas, sa'an nan Yamma da Yamma ta Tsakiya da Ikko. Da wannan ya kawar da tsoron babbar Arewa daga zukatan Yarabawa, ya kuma ba ƙananan kabilun Gabas jihohi biyu nasu na kansu, tare da bakin teku da rijiyoyin mai. Ran 30 ga Mayu Ojukwu ya yi shelar Jamhuriyar Biyafara. Awolowo, wanda a farkon watan ya ce in an bar Gabas ta fita Yamma ma za ta fita, ya karɓi muƙamin Kwamishinan Kuɗi a gwamnatin Gowon. Aminu Kano da Tarka da Anthony Enahoro su ma suka shiga.

Yadda Yaƙin Ya Gudana

An fara harbi ran 6 ga Yuli wajen Garkem, kusa da Ogoja. Gwamnati ta ce aiki ne na 'yan makonni. Nsukka ta faɗi a watan, aka kuma kama Bonny ta teku. A nan kusa da Nsukka Nzeogwu ya mutu yana yaƙi a ɓangaren Biyafara. Ran 9 ga Agusta sojan Biyafara ƙarƙashin Victor Banjo, Bayarabe, suka ƙetare Kwara suka mamaye Yamma ta Tsakiya, suka kai har Ore a kan hanyar Ikko. Wannan mamaya ta jawo wa Biyafara hasara, gama ta sa Yarabawa da mutanen Binin, waɗanda da su ke 'yan kallo, suka tsaya sosai bayan gwamnati. Kanar Murtala Muhammad ya ƙwato Binin a watan Satumba, Ojukwu kuwa ya sa aka harbe Banjo da Ifeajuna bisa zargin cin amana.

Runduna ta 1 ƙarƙashin Kanar Muhammad Shuwa ta kama Inugu ran 4 ga Oktoba. A cikin watan nan ne kuma sojan tarayya suka tara maza fararen hula a Asaba suka harbe ɗaruruwa. Wannan abin kunya ne, kuma tilas a faɗe shi, kamar yadda tilas a faɗi wahalar da ƙananan kabilu suka sha a hannun sojan Biyafara da ke zarginsu da leƙen asiri. Runduna ta 3 ƙarƙashin Kanar Benjamin Adekunle ta kama Kalaba a Oktoba, 1967, da Fatakwal a Mayu, 1968. Daga nan Biyafara ba ta da sauran hanyar teku.

Yunwa da Neman Sulhu

Abin da ya fi harsashi kisa a yaƙin nan yunwa ce. Mutane miliyoyi suka cunkushe a ɗan ƙaramin yanki, babu kifi, babu nama, babu gishiri. Yara suka kamu da ciwon kwashiyoko, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja. A Janairu, 1968, gwamnati ta canja takardun kuɗi, kuɗin da ke hannun Biyafara ya zama takarda kawai. Abinci da magani sai ta jirgin sama da dare, akasari daga tsibirin Sao Tome, a sauka a Uli, inda aka mai da wani titin mota filin jirgi. Amma ta wannan fili makamai ma ke shigowa. Gwamnati ta ce a kai abinci ta ƙasa ko da rana, bayan ta bincika kayan. Ojukwu ya ƙi, yana cewa za a bi ta hanyar a kawo masa hari. Suna wannan gardama yara na mutuwa. A nan ma shugabannin ɓangarorin biyu kowa na da nasa kaso na alhaki.

Ƙasashen waje sun sa hannu. Ingila da Rasha suka sayar wa gwamnati makamai. Faransa ta taimaki Biyafara a ɓoye ta hanyar Gabon da Kwaddibuwa. Ƙasashe biyar suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa da Zambiya a 1968, sai Haiti a 1969. An yi zaman sulhu a Kampala a Mayu, 1968, da Yamai a watan Yuli, inda Shugaba Jori Hamani ya sauki kwamitin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka wanda Sarkin Habasha Haile Selassie ke shugabanta, sa'an nan Addis Ababa a Agusta. Duk a kan abu ɗaya a ke watsewa: gwamnati ta ce a fara janye ɓallewa, Biyafara ta ce a fara tsagaita wuta. Azikiwe, wanda da farko ya yi wa Biyafara yawon neman goyon baya, ya ga ba za a ci ba, ya rabu da ita a 1969 ya yi kira a daidaita.

Umuahiya ta faɗi a Afril, 1969. A watan Mayu aka ba Kanar Olusegun Obasanjo runduna ta 3, ita ce ta kama Oweri a farkon Janairu, 1970. Ran 11 ga wata Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddibuwa, ya bar mataimakinsa Philip Effiong. Kashegari Effiong ya yi magana ta rediyo ya ce a aje makamai, ran 15 kuma ya miƙa wuya ga Gowon a Barikin Dodan da ke Ikko, shekara huɗu daidai bayan juyin farko. Masu tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka mutu daga 500,000 zuwa fiye da miliyan 2, akasarinsu fararen hula ne, kuma yara sun fi yawa.

Bayan Yaƙi

A nan Gowon ya yi abin yabo. Ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, ya yi afuwa ga jama'a, bai kafa kotun rataye kowa ba, kisan kiyashin da mutanen Gabas ke tsoro kuma bai auku ba. An mai da ma'aikata da yawa bakin aikinsu. A 1973 aka kafa aikin bautar ƙasa, don matasa su zauna cikin mutanen da ba nasu ba. A 1979 Dokta Alex Ekwueme, Ibo, ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa, a 1982 kuma Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa Ojukwu ya komo gida, ya rayu har 2011. Amma akwai miki da bai warke ba. Wanda ya yi ajiya a banki da kuɗin Biyafara, kome yawanta, fam 20 aka ba shi. Gidajen Ibo masu yawa a Fatakwal an kira su dukiyar da aka yasar, ba a mai da su ga masu su ba. Soja kuma, waɗanda da ba su wuce kamar 10,000 ba, suka haura 200,000, suka riƙe mulki shekaru masu yawa.

Yadda Za A Koyar

Shawarata ga wanda zai koyar da wannan darasi ita ce, ya fara da zana layin shekaru a allo, daga 1954 zuwa 1970, ya sa yara su jera abubuwan da suka auku bi da bi, kada a tsallake Janairu, kada a tsallake Satumba, kada a tsallake Asaba. Ya kawo taswira biyu, ta jihohi huɗu da ta jihohi 12, yara su gani da idonsu abin da ya sake. In ya zo kan wani mugun aiki, ya ambaci wanda ya yi shi da sunansa ko muƙaminsa, kada ya ce "Ibo sun yi" ko "Hausawa sun yi", gama yaron da ke zaune gabansa bai kashe kowa ba. Ya tuna musu Fajuyi Bayarabe ne ya mutu tare da baƙonsa Ibo, Ukpabi Asika Ibo ne ya riƙe wa gwamnatin tarayya Jihar Gabas ta Tsakiya, Gowon da a ke cewa shugaban Hausawa ba Bahaushe ba ne, Azikiwe da Ojukwu kuwa duk a Zungeru aka yanke cibiyarsu.

Ga waɗansu tambayoyi da za a iya ba 'yan aji na sama su tattauna. Me ya sa doka ta 34 ta tsorata mutanen Arewa? Da kai ne Ironsi, me za ka yi da masu juyin Janairu? Wane abu ne a doka ta 8 ya hana Ojukwu karɓarta, kuma kana ganin ya isa a yi yaƙi a kansa? Me ƙananan kabilun Gabas suka samu ran 27 ga Mayu, 1967? Kada malami ya yi saurin ba da amsa. Ya bar ɗan Gabas ya yi bayanin tsoron Arewa, ɗan Arewa kuma ya yi bayanin tsoron Gabas, sa'an nan ya gyara musu inda suka kauce wa tarihi.

An yi shekaru da dama ba a koyar da tarihi a ƙananan makarantunmu kafin a mai da shi, saboda haka yara da yawa abin da suka sani game da yaƙin nan a tsakar gida da bakin kasuwa suka tsinta. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In kun ba su labarin a cike, kowa da haƙƙinsa, kun yi naku. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.